Kafin ka saya wa Hajiya jan ruwan nan

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da kake damuwa da ƙafafun mahaifiyarka. Ka ce da ta ɗan taka zuwa maƙwabta sai cinyoyinta su yi nauyi, kuma an yi maka tallar 'yan kwalaben ruwan bitirut, jar saiwar nan da ake nomawa a Jos, wai suna kashe gajiyar tsoka. Maganar tana da tushe, amma ba ta kai yadda masu talla ke kururuta ta ba.

Abin da ake nema a cikin bitirut shi ne sinadarin naitiret. Idan mutum ya sha, jini ya ɗauka, wani kaso yakan dawo baki ta cikin yawu. A bayan harshe akwai ƙwayoyin bakteriya masu amfani, su ne ke juya shi ya zama naitirayit. A haɗiye, jiki kuma ya mayar da shi naitirik oksaid, wanda ke saki jijiyoyin jini su buɗe, jini ya isa tsoka a wadace. Gano aikin wannan sinadari ne ya sa aka ba wasu masana uku na Amurka lambar Nobel a 1998.

A 2007 masu bincike na cibiyar Karolinska a Suwidin suka ga cewa naitiret na rage iskar oksijin da jiki ke ci yayin motsa jiki. A 2009 kuma, a Jami'ar Exeter ta Ingila, aka shayar da mutane rabin lita na ruwan bitirut kullum har kwana 6, suka ƙara daɗewa a kan keke kafin su sare. To, a nan gizo ke saƙa: samari ne majiya ƙarfi aka gwada. Da jami'ar ta gwada dattawa 'yan shekara 60 zuwa 70 a 2013, jininsu ya ɗan sauka, amma nisan da suke iya takawa cikin minti 6 bai ƙaru ba. Gwaje-gwajen da suka biyo baya a kan tsofaffi, wasu sun ga amfani, wasu ba su gani ba.

Shi ya sa ni a ganina kuɗinka sun fi amfani a kasuwar kayan miya. Alayyahu da latas suna da naitiret sosai. Sai dai a kula da girki, domin sinadarin na narkewa a ruwa. Mai tafasa alayyahu ta tsiyaye koren ruwan nan a rariya, ta zubar da rabonta. A yanka shi cikin miya, a sha har romo. Haka kuma ruwan kurkure baki mai kashe ƙwayoyin cuta, musamman mai klohezidin, yana kashe har da masu amfanin, aikin ya tsaya tun daga baki. Ban ce a bar asuwaki ba fa.

Kada kuma ka manta Hajiya tana shan maganin hawan jini. Ƙarin bitirut a kan magani zai iya sa jiri ya kwashe ta idan ta miƙe, faɗuwar tsoho kuwa ba wasa ba ce. Mai tsakuwar ƙoda ma sai ya yi hattara da bitirut. Ka tambayi likitanta tukuna, ya kuma duba ko ƙarancin jini ko ciwon suga ko zuciya ne ke kawo gajiyar.

Tsokar tsoho zama ne ke cinye ta. Ka samo mata kujera mai ƙwari a jingina da bango, ta zauna ta tashi sau goma ba tare da dafa gwiwa ba, ta huta, ta sake, aƙalla kwana biyu a mako. A haɗa mata da wake, ƙwai, kifi da nono. In likita ya yarda da bitirut ɗin, ta sha awa biyu zuwa uku kafin ta fita tattaki, domin a lokacin ne sinadarin ya fi yawa a jini. Ka gaya mata tun da wuri cewa fitsarinta zai iya yin ja, kada hankalinta ya tashi ta kira ka da tsakar dare.