Darasi: Kafin ka kafa tunga, binciki wurin

Manoma, gonakin gado sun ƙaranta, ƴaƴa sun yi yawa. Shi ya sa wasu ke neman sabon wuri nesa da gari don su kafa tunga. Tambayar darasinmu na yau ita ce: wurin zai riƙe iyalinka a mugunyar shekara?

Ka je wurin sau biyu. Zuwan farko da bazara, cikin watan 4. Duba rijiyar da ta fi kusa. Gaba nawa ne igiyarta? Tana ƙafewa? A gulbin Maradi ruwa na kusa, amma arewa wajen Dakwaro akwai rijiyoyin da suka wuce metir 60. Mata da jakai ke shan wannan wahala kullum, saboda haka ka shawarci uwargida tun kafin ka sa gatari.

Zuwa na biyu cikin watan 8, bayan ruwa mai ƙarfi. Bi sawun ruwan da ƙafarka, ka ga inda ya bi da inda ya kwanta. Gida a kan tudu ake gina shi, rumbu ma haka. Bakin kori yana da daɗin ƙasa, amma da daminar 2024 ruwa ya rushe dubban gidaje a jihar Maradi. Duba kuma ko amalanke zai kai maras lafiya likita a lokacin.

Sai ƙasa. Jigawa tana son hatsi da wake. Inda ƙuduji ya yi yawa, ƙasar ta gaji. Fako ba ya ba da abinci sai da tassa da rabin wata da taki, aikin kuwa na masu hannu da yawa ne. In ka ga gawo, ka yi murna: yana zubar da ganye da damina, inuwarsa ba ta kashe shuka, kuma yana ƙara wa ƙasa ƙarfi.

Zauna da tsofaffin wurin. Tambaye su: a farin 1973 da na 1984, da yunwar 2005, mutane sun zauna ko sun tashi? In ka ga kufai kusa, ka nemi dalilinsa.

Kada ka yi sassabe a kan burtali ko mashayar dabbobi, nan rigima da makiyaya ke farawa. Dokar 1961 ta sa iyakar noma ta arewa, bayanta wurin kiwo ne. Ko aro ne ko saye, a yi shi gaban mai gari da shaidu, kwamitin filaye ya ba ka takarda.

Ga lissafin cimaka: mutum guda yana cin kusan buhu 2 na kilo 100 a shekara. Gida mai mutum 8 yana bukatar buhu 16, ban da iri. Shekarar farko tunga ba ta cika ciyar da kanta ba, don haka kada ka saki tsohuwar gonarka sai ka ga kaka biyu.