Darasin Wannan Wata: Takardar Shaidar Kiyaye Haɗarin Ruwa

Ɗaliban ajin yaƙi da jahilci sun san daɗin ranar karɓar satifiket. To, akwai wata takardar shaida da ake samu ba tare da an zauna a aji ba. Ita ce ta kwas ɗin kiyaye haɗarin ruwa, wanda ake yi ta intanet, da wayar hannu ko kwamfuta.

Ga yadda abin yake a ƙasar Kanada. Tun daga shekarar 2009, a yawancin sassan ƙasar, duk mai tuƙa jirgin ruwa na shaƙatawa mai inji sai ya riƙe shaidar cewa ya san ƙa'idar ruwa. Mutum zai shiga intanet, ya karanta darussa babi-babi, sannan ya amsa tambayoyi 50. In ya ci kashi 75 cikin 100, sai a ba shi takardar wucin gadi, daga baya a aiko masa da kati. Katin ba ya ƙarewa, har iyakar rayuwarsa. Wanda aka kama yana tuƙi babu shaida, tara ce.

Sai dai a lura da abu guda. Jarrabawar ta karatu ce zalla. Mutum na iya samun katin nan bai taɓa riƙe injin jirgi ba, kuma bai iya iyo ko a tafki ba. Abin da takardar ke faɗi kawai shi ne mai ita ya karanta, ya gane, ya amsa daidai. Ba ta mai da shi gwanin ninƙaya, balle mai ceto. Shi ya sa kwas ɗin masu ceton rai na ƙungiyar Red Cross ta Amurka, ko da an fara shi ta intanet, sai ɗalibi ya shiga ruwa a gaban malami kafin a ba shi shaida.

Wannan bai sa karatun ya zama banza ba. Me ake koyarwa? Na farko, kowane jirgi yana da iyakar nauyin da zai ɗauka. Rigar kariya kuwa a jiki take amfani, ba a ƙarƙashin benci ba, kuma ta yaro daban ce da ta babba. Ana koyar da cewa mai nutsewa ba ya yawan ihu, domin numfashi yake nema. Cikin shiru yaro kan tafi, manya na zaune kusa. Haka kuma in wani ya faɗa ruwa, kada wanda bai ƙware ba ya bi shi, don mai nutsewa kan riƙe mai ceto su tafi tare. A miƙa masa gora ko igiya, ko a jefa masa jarka wadda babu komai ciki, a rufe bakinta.

Mutanen bakin kogi a ƙasar nan sun san tsadar rashin bin waɗannan ƙa'idoji. A watan Mayun 2021 jirgi ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse a Kogin Kwara, kusa da Warra ta Jihar Kebbi. A ƙarshen Nuwamba na shekarar, wani ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai, Jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi. A duka biyun an ambaci lodi fiye da kima. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa, wadda hedkwatarta ke Lakwaja, ta hana tafiyar dare, ta kuma wajabta sa rigar kariya.

Wanda zai yi irin wannan kwas, ya fara duba wace hukuma ce ke bayar da takardar, tun kafin ya biya ko kwabo. Katin Kanada na masu jirgin shaƙatawa ne a can, ba lasisin ɗaukar fasinja ba ne a Yawuri. Ya tabbatar an rubuta sunansa daidai, da ranar kammalawa. Kuma kada ya ba ɗansa waya ya amsa masa tambayoyin, tunda ba ɗan ne zai riƙe inji ranar kasuwa ba.