Yadda Ake Adana Manyan Kifayen Bogi Na Kamun Kifi Ba Tare Da Sun Lalace Ba

Duk mai yawan kallon bidiyon kamun kifi a YouTube ko TikTok zai iya tuna wani kifi na roba ko na katako da ake ɗaura wa zare, ana janyo shi yana lanƙwasa a cikin ruwa kamar mai rai, har babban kifi ya taso ya cafke shi. Sunansa swimbait da Turanci, a wannan darasi kuwa za a kira shi kifin bogi. Na'ura ce ƙarama, ba ta da batir, ba ta da manhaja. Aikinta duka ya dogara ne a kan siffarta da daidaiton nauyinta. Jela ta karkace kaɗan, ko ruwa ya shige ta, shi ke nan ta daina iyo yadda aka tsara ta.

Yawancin ɓarnar da ke samun kifin bogi a cikin akwati take faruwa, ko a but ɗin mota, ko a ɗaki lokacin da mai shi yake ganin ya adana kayansa. Darasin zai bi abubuwa biyar da ke lalata shi, da maganin kowanne.

Daga ina ya fito, kuma me ya sa ake lallaɓa shi?

Manyan kifayen bogi sun yi suna ne a kudancin jihar Kalifoniya ta Amurka, daga ƙarshen shekarun 1980. A tafkuna irin su Castaic da Casitas hukuma kan zuba kifin tirawut, sai wani kifi mai suna bas mai babban baki ya riƙa haɗiye su yana ƙiba. Masu kamun kifi da ƙugiya suka gane cewa babban bas babban abinci yake nema, suka fara sassaƙa abin da ya yi kama da tirawut. AC Plug na Allan Cole yana cikin na farko da suka shahara.

Japan ma ta rungumi abin, musamman a tafkin Biwa. A nan ne Manabu Kurita ya kama bas mai nauyin kilo 10.12 a watan Yulin 2009, da ƙaramin kifi mai rai, ya yi kunnen doki da tarihin da George Perry ya kafa a jihar Jojiya tun 1932. Irin waɗannan ƙattin ake nema da kifin bogi, shi ya sa ake yin sa da girma. Jointed Claw 178 na kamfanin Gan Craft tsawonsa milimita 178 ne, Slide Swimmer 250 na Deps milimita 250, Mother na Roman Made kuwa santimita 30 ne, da hannu ake sassaƙa shi daga katako, kuma kuɗinsa kan kai ɗaruruwan daloli. Wato guda ɗaya yana iya fin wayar da ke hannun mai karatu tsada. Ko masu araha da ake sayowa ta AliExpress, lalacewarsu asara ce, don sai an sake biya an sake jiran makonni.

Iri biyu ne. Akwai mai tauri, na katako ko na roba mai ƙarfi, mai gaɓa ɗaya ko fiye, da ƙugiyoyi masu baki uku suna reto a cikinsa. Akwai mai laushi, kamar Huddleston Deluxe mai inci 8, wanda jikinsa roba ce mai taushi da dalma a ciki. Kowanne da irin ajiyarsa.

1. Danniya: jelar da ta karkace

Roba mai laushi tana riƙe siffar da aka bar ta a kai. Idan aka cusa kifin bogi mai santimita 25 a gurbin da bai wuce 20 ba, jelar za ta naɗe, bayan 'yan makonni ta zauna a haka. A ruwa sai ya riƙa jirkicewa gefe ɗaya ko ya yi ta juyawa, kifi kuma ya gane ya kauce. Masu tauri ma da yawa jelarsu ta roba ce mai laushi, don haka ba su tsira ba.

Maganin:
- A auna kifin tun daga baki har ƙarshen jela kafin a sayi akwati. Akwatin Plano 3700, wanda masu wannan harka ke yawan amfani da shi, tsawonsa wajen santimita 35 ne, kuma akwai mai zurfi da ya fi dacewa da masu kauri.
- Kada a jefar da kwalin robar da aka sayo mai laushi a ciki. An zuba shi ne daidai da jikin kifin, ba wani gida da ya fi shi.
- A gida, rataya ta fi kwantarwa. A rataye shi ta zoben hanci, jela tana kallon ƙasa, ba ta taɓa komai.
- Kada a ɗora wani a kan wani.

Idan jelar ta riga ta karkace, a tsoma jelar kaɗai a ruwan zafi da aka sauke daga wuta, na 'yan daƙiƙoƙi, a fito da ita a miƙar, a rataye har ta huce. Kada a tsoma dukkan jikin, domin zafi yana sassauta gam ɗin ido da fenti.

2. Roba tana cin roba

Wannan ita ce ɓarnar da ta fi ba mutane mamaki, ko da yake masu kayan lantarki sun santa. Wanda ya taɓa naɗe waya a jikin tsohon rimot ko abin buga gem ya ajiye shekara guda, ya dawo ya tarar wayar ta yi shatin narkewa a jikin robar, ya ga abin da ake nufi.

Dalili shi ne, yawancin kifayen bogi masu laushi da robar PVC ake yin su. Ita PVC tauri gare ta, irin ta fayif ɗin ruwa, sai an gauraya ta da wani mai kafin ta yi laushi. Man nan ba ya zama wuri ɗaya, a hankali yake tsattsafowa. Idan ya samu roba irin ta gidan faifan CD, ko robar ABS da ake yin kifayen bogi masu tauri da ita, ko fenti, sai ya shige su ya narkar da su, su yi danƙo.

Akwai kuma wata roba mai miƙewa sosai, irin ElaZtech ta kamfanin Z-Man. Kamfanin da kansa yana gargaɗin kada a haɗa ta da masu laushi na PVC, domin in sun haɗu narkewa suke yi su cakuɗe.

Maganin:
- Mai laushi daban, mai tauri daban. Kada su taɓa juna ko na kwana ɗaya.
- A juya akwati a duba alamar kusurwa uku da ke ƙarƙashinsa. Lamba 5 da haruffan PP ita ake nema, domin man ba ya cin wannan robar. Lamba 6 da haruffan PS a guje ta. Lamba 3 ita ce PVC.
- A raba launuka. Ja da baƙi da kore mai haske suna zuba a jikin fari, kuma ba sa fita.
- Duk wanda ba a san irin robarsa ba, a bar shi a ledarsa ta asali.

3. Ƙugiya tana cin fenti

Ƙugiya mai baki uku tana reto, duk motsin da aka yi sai ta goga jikin kifin, har ta zana masa shati kamar baka a ciki. A ruwa ba makawa sai hakan ta faru kaɗan, amma tafiya a kan hanya mai gargada tana ƙara ɓarnar. Idan kuma kifaye biyu suna gurbi ɗaya, ƙugiyoyin suna sarƙewa, a wajen raba su ne ake karya fiffike ko a soke yatsa.

A na katako abin ya wuce muni a ido. Rufin da ke saman fenti shi ke hana ruwa shiga. Ya tsage, katako ya sha ruwa ya kumbura, nauyi ya canza, wanda aka tsara ya nutse a hankali sai ya faɗi ƙasa kamar dutse.

Maganin:
- A sa wa kowace ƙugiya hular roba da ake sayarwa don haka. In babu, guntun soso mai tauri ko guntun tsohon silifa ya wadatar, a soka bakunan uku a ciki.
- A naɗe kowane kifi da rigarsa, wadda ake rufewa da abin mannewa irin na takalmin yara. Wanda ba shi da ita ya yi amfani da tsumma mai laushi, busasshe.
- Robar ɗaure kuɗi tana riƙe ƙugiya a tafiya ta yini ɗaya, amma kada a bar ta ta daɗe, don zafi na narkar da ita ta manne a fenti.
- Duk tsagar da aka gani a na katako, a bari ya bushe sarai, sannan a toshe da ɗigon sufa gulu kafin ya sake shiga ruwa.

4. Laima da tsatsa

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ciro kifin bogi daga ruwa a jefa a akwati a rufe. Akwatin da ba ya barin ruwa ya shiga, ba ya barin ya fita. Laimar kifi ɗaya ta isa ta sa wa duk ƙugiyoyin ciki tsatsa, tsatsar kuma ta rina fenti, ta ci ƙarafan da suka haɗa gaɓoɓi. Ƙugiya mai tsatsa tana iya karyewa daidai lokacin da babban kifi ya kama.

Maganin:
- A shanya shi a inuwa kafin a mayar da shi. In ana sauri, a ware wata jaka mai raga ta jiƙaƙƙu, a isa gida a buɗe komai ya kwana yana shan iska.
- Idan a ruwan gishiri aka yi aiki, a ɗauraye da ruwan famfo tukuna.
- A tara ƙananan ƙullin silika da ke zuwa a kwalin takalmi da na kayan lantarki, a zuba biyu ko uku a akwati. Laimar da ta rage suke tsotsewa, ba za su busar da jiƙaƙƙen kifi ba. Idan sun ƙoshi ana iya busar da ƙwayoyin a oben mai zafin digiri 120 a sake amfani da su.
- Akwai akwatunan da robarsu ke fitar da wani tururi mai hana tsatsa, kamar masu Zerust na Flambeau da masu Rustrictor na Plano.

Idan za a canza ƙugiya, a sa mai girma da nauyi irin na tsohuwar. Ƙaramin sikelin dijital mai auna kashi ɗaya cikin goma na giram zai yi wannan aiki. Bambancin giram ɗaya yana iya canza yadda kifin ke nutsewa.

5. Zafi

Cikin motar da aka rufe a rana yana iya wuce digiri 60. Masu tauri da yawa cikinsu iska ce a rufe, zafi ya buɗa iskar, robar ta yi laushi, jikin ya kumbura ko ya tsage ta wajen ɗinki. Masu laushi kuwa zafi yana hanzarta fitar man nan, ya kuma sa karkacewar jela ta zauna da wuri. Hasken rana kai tsaye yana kashe launi.

Wannan ya shafi duk wanda ya sayo irin kayan nan don neman giwan ruwa a Kainji ko kogin Binuwai, domin zafin Maris da Afrilu ba ya raga wa roba. Dokar mai sauƙi ce: inda ba za a bar waya ko fawa bank ba, kada a bar kifin bogi.

Yadda ake ɗaukar su a tafiya

A ɗauki waɗanda za a yi aiki da su kawai, uku ko huɗu, sauran su zauna a gida. Bayan an shirya akwati a girgiza shi kusa da kunne. In an ji ƙara, wani abu yana yawo, a cike gurbin da soso. A sa akwatin a kwance a saman kaya, kada a ɗora masa nauyi. Mai babur ya goya shi a jakar baya, don jikin mutum yana rage girgiza.

Ga wanda kifinsa ya fi akwati tsawo, guntun fayif mai faɗi da murfi a kowane gefe yana aiki. A naɗe kifin da tsumma kafin a zura shi, a huda ƙananan ramuka a murfin don iska.

A jirgin sama kuwa, hukumar tsaron sufuri ta Amurka, TSA, ta ce manyan ƙugiyoyi a rufe bakinsu, a naɗe su da kyau, a sa su a jakar da ake aunawa a shigar ƙarƙashin jirgi. Mai tsoron a ɓatar masa da mai tsada yana iya cire ƙugiyoyin ya sa a waccan jakar, ya tambayi kamfanin jirgin ko zai riƙe jikin a jakar hannu.

Inda waya za ta taimaka

Ranar da aka sayo sabon kifin bogi, a ɗauki hotonsa ta sama da ta gefe, a auna nauyinsa a rubuta a manhajar rubutu ta waya. A kuma ɗauki bidiyonsa yana iyo a ruwa mai haske, da tsarin nan na kyamara mai rage gudun motsi. Bayan wata shida, in an yi zargin wani abu ya canza, a sake aunawa a sake ɗauka a gwada. Nauyin na katako ya ƙaru, ruwa ya shiga. Ya fi lanƙwasa gefe ɗaya, a duba jela da gaɓa. A sa tunatarwa a waya duk wata ɗaya a buɗe akwati a duba tsatsa da danƙo.

A taƙaice

Kowane kifi da gurbinsa, jela a miƙe, ƙugiya a rufe, jiki a bushe, akwati mai lamba 5, nesa da rana. Mafi yawan abin da ake buƙata, wato tsumma da soso da ƙullin silika, suna nan cikin gida. Minti biyar na shanyawa da naɗewa bayan an dawo daga ruwa su ne ke sa kifin bogi ya shekara biyar yana iyo kamar ranar da aka ciro shi daga kwali.