BAƘIN CIKIN YARO: DARASI GA MALAMAN FURAMARE DA IYAYE

Darasinmu na wannan mako shi ne baƙin cikin yaro ƙarami, abin da yawancinmu ba mu ɗauka da nauyi ba.

Buhari da Muslim sun ruwaito daga Anas ɗan Maliku cewa yana da wani ƙane ana yi masa alkunya da Abu Umair, wanda yake da ɗan tsuntsu yana wasa da shi. A wata ruwayar an ce tsuntsun ya mutu, Annabi (S.A.W.) ya shigo ya tarar da yaron ya yi jugum, ya tambayi abin da ya same shi, sa'an nan ya kira shi da alkunyarsa kamar babban mutum, ya yi masa raha game da tsuntsun. Ibnu Hajar ya ambata cewa wani malami, Ibnul Ƙassi, ya fitar da fa'idoji sittin daga wannan hadisi. Wadda ta shafe mu ita ce: shugaban al'umma duka ya lura da fuskar yaro ta sauya, kuma ya tambaya.

To, mu dubi ɗan furamare a Jushi, ko Samaru, ko cikin Sabon Gari. Da asuba yana makarantar allo, da hantsi yana boko, da la'asar yana Islamiyya, in kuwa yarinya ce watakila akwai talla a tsakani. Malamai uku ke nan a rana ɗaya, kowa da bulalarsa, amma da wuya a sami wanda ya san ko yaron ya karya kumallo, ko an saki uwarsa jiya. Tun shirin ilmin furamare kyauta na 1976 azuzuwa suke cika, suka ƙara batsewa a 2016 da gwamnatin Jihar Kaduna ta soma ciyar da 'yan makaranta. Malamin da aka cika wa aji haka, lalle abin a tausaya masa ne. Amma fa cunkoso bai sauke masa amanar da ke wuyansa ba.

Yaro ba ya iya cewa raina ya ɓaci. Jikinsa da halinsa ke faɗa. Mai surutu ya koma shiru, mai ƙoƙari ya koma baya, wani ya riƙa ciwon ciki kullum da safe in za a tafi makaranta, wani ya koma fitsarin kwance bayan ya daina, wani kuwa ya zama mafaɗaci. Mu kuwa sai mu ce taurin kai ne, mu ɗauko dorina.

Magabata ba su bar wannan ba. Muhammadu ɗan Sahnun na Ƙairawan, wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira, ɗan mai Mudawwana da malamanmu na Malikiyya ke dogara da ita, ya rubuta littafi kan ladubban masu koyarwa. Ya hana malami wuce bulala uku sai da izinin uba, ya hana dukan kai da fuska. Ibnu Haldun, wanda ya rasu a Alƙahira a 1406, ya bayyana cewa tsanani yana kashe wa ɗalibi himma, ya koya masa ƙarya da munafunci don tsoron hannun da ke bisa kansa. Duk wanda ya taɓa riƙe alli ya ga gaskiyar wannan.

Abin yi ba ya bukatar kasafin kuɗi. Malam ya san sunan kowane yaro, ya daina laƙabin "daƙiƙi", domin yara kan riƙe shi su bi mai shi har gida. In ya ga yaro ya sauya, ya kira shi gefe lokacin tara ya tambaye shi a hankali, kada ya tsayar da shi gaban 'yan'uwansa. Ya kula da maraya musamman, da wanda aka kawo riƙo daga ƙauye. Iyaye kuma su riƙa leƙa makaranta ba sai an aiko musu ba.

In abin ya daɗe, watau ya kai makonni yaro ba ci ba barci, ko yana firgita da dare, to a yi addu'a, a yi tofi, amma kada a ɗora wa aljanu kome da kome. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da sashen likitocin ƙwaƙwalwa da na yara, kuma daga Samaru tafiyar ba ta da nisa.