Intanet a Cikin Gida: Sunayen Kayan Aiki da Ma'anarsu

A ƙasashen Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, gidaje da makarantu da kantuna sun soma ajiye na'urorin intanet. Sau da yawa mai gida yakan je saye, mai kanti ya yi ta jero masa sunaye, shi kuwa ya biya kuɗi bai san abin da ya saya ba. An shirya wannan takarda domin jama'a su san sunayen nan da aikin kowanne.

Mutanen ƙasar nan sun san madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gama a 1974. Ruwa yakan fito daga madatsa, ya bi babbar hanya, ya rarrabu cikin ƙananan magudanu, kana ya isa gonar manomi. To, kusan haka intanet take zuwa gida.

1. Faiba. Ita ce babbar hanyar ruwan. Waya ce ta zaren gilashi, siririya kamar gashi, tana ɗaukar saƙo da haske. Irinta aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku daga Turai zuwa Legas, kamar MainOne wadda ta soma aiki a 2010. Daga Legas aka binne wasu zuwa Kano da sauran garuruwan Arewa. Ran 14 ga Maris 2024 wayoyi huɗu suka lalace cikin teku a gefen Kodebuwa, intanet ta yi rauni a Nijeriya, har aikin bankuna ya tsaitsaya.

2. Kebul. A Amurka gidaje da yawa suna samun intanet ta wayar tagulla ta talabijin, irin wadda ke saukowa daga dish zuwa ɗaki. Ita ake nufi da intanet ta kebul. A nan kuwa galibi ƙarfen sabis na kamfanonin waya, irin su MTN da Airtel da Glo, shi ke aiko da saƙo ta iska. Akwai kuma ta tauraron ɗan'adam, kamar Starlink da ta shigo Nijeriya a 2023.

3. Modem. Shi ne bakin magudana, watau na'urar da ke karɓar saƙo daga kamfani ta juya shi yadda kwamfuta za ta gane. Wanda ake samu a nan yawanci layin waya ake sa masa.

4. Rauta. Ita ce mai rabon ruwa cikin gona. Tana karɓa daga modem ta raba wa wayoyi da kwamfutocin gidan, tana ba kowace na'ura lambarta, wadda ake kira adireshin IP, don kada saƙon wani ya tafi wurin wani. Yanzu akan haɗa modem da rauta cikin akwati guda.

5. Waifai. Hanya ce ta iska tsakanin rauta da wayar hannu, cikin gida kaɗai. Nan ne mutane suka fi ruɗewa. Waifai dabam, intanet dabam. Alamar waifai tana iya cika a waya, amma ba abin da zai buɗe, gama data ta ƙare ko sabis ya ɗauke. Magudana ce lafiyayya, ruwa ne babu. Katanga mai kauri da kwanon rufi suna rage ƙarfinta, saboda haka sai a ɗora rauta bisa, a tsakiyar gida.

6. Wayar itanet. Ita ke haɗa rauta da kwamfuta kai tsaye. Ta fi waifai tabbas, amma kada tsawonta ya wuce mita 100.

7. Data da gudu. Data ita ce yawan ruwan da aka saya, ana auna ta da megabait da gigabait. Megabait wajen 1,000 ke yin gigabait 1. Gudu kuwa faɗin magudana ne, ana auna shi da megabit a daƙiƙa. Lalle a lura, bit 8 ke yin bait 1. Idan kamfani ya ce gudunsa megabit 8 ne, megabait 1 ke nan a daƙiƙa, watau gigabait 1 zai sauko cikin minti 17 ko kusa. In mutum goma suka hau lokaci ɗaya, gudun nan za su raba tsakaninsu.

8. Kalmar sirri. Ita ce kwaɗon ƙofa. Wanda ya bar wadda rauta ta zo da ita, ko ya sa lambar wayarsa, ya bar rumbu a buɗe. Sai a sa doguwa mai haruffa da lambobi.

Kafin mai gida ya biya, ya kamata ya gwada layin kamfanin a cikin gidansa, gama sabis ɗin da ke da ƙarfi a Bebeji yana iya raunana a Riruwai, inda duwatsu ke tare shi. Ya tambayi yawan data da gudunta da ranar ƙarewarta. In kamfani ya saɓa alkawari, aka kai masa kuka bai gyara ba, sai a kira Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, a lamba 622, kyauta ne.