Kama da Wane Ba Wane Ba Ne: Sunayen Ingilishi Masu Saiwar "Exclude" da Ma'anoninsu

Gabatarwa

Ni dai da Yarbanci na tashi, Hausa kuwa a aji na koye ta da kuma bakin mutanen Sabo. A hutun bara wani dattijo mai kantin kayan masarufi, wanda nakan zauna a wurinsa domin in gyara Hausata, ya miƙo mini takardar yarjejeniya da wani kamfanin lemo ya ba shi tare da firji. Ya ce, "Ɗana, duba mini, me suke nufi a nan?" Kalmar da ya ɗora yatsa a kanta ita ce "exclusivity". Ban tsaya karanta sauran jimlar ba na ce, "Baba, cewa suka yi kai kaɗai za su riƙa ba wa kaya a layin nan." Ya yi murna ya sa hannu. Bayan wata biyu wakilin kamfanin ya tarar da lemon wani kamfani a cikin firjin, ya sa aka ɗauke shi. Ashe sharaɗin Baba ya ɗaure, wato kada ya sa lemon kowa a ciki sai nasu. Kunyar da na ji ita ta sa na zauna na bi diddigin wannan kalma da 'yan uwanta, kuma abin da na samo shi ne zan gabatar wa 'yan uwana ɗalibai a wannan 'yar maƙala.

Asalin Kalmar

Aikatau "exclude" daga Latin ya fito, daga "excludere". Kalmar tana da ɗafa-goshi "ex" mai nufin waje, da kuma "claudere" mai nufin rufewa. Ke nan ainihin ma'anarta ita ce a rufe ƙofa a bar wani a waje. Daga wannan saiwa aka sami "include" da "conclude" da "seclude". Abin lura a nan shi ne, duk ƙofar da aka rufe tana da mutum biyu, na waje da na ciki. Wasu sunayen da za mu duba suna magana ne a kan wanda aka bari a waje, wasu kuma a kan wanda ya keɓanta a ciki.

1. Exclusion

Wannan suna ne na aikin hana shiga ko fitarwa. Fassararsa takan sauya gwargwadon fagen da ya fito:

a) A fagen shari'a da siyasa, yana nufin wariya ko haramta shiga. A 1882 Amurka ta kafa dokar da ake kira "Chinese Exclusion Act", wadda ta hana leburori 'yan ƙasar Sin shiga ƙasar, ba a kuwa soke ta ba sai a 1943.

b) A makarantun Ingila, yana nufin korar ɗalibi daga makaranta.

c) A takardun inshora, yana nufin togaciya, wato asarar da kamfani ya ce ba zai biya ba. A nan sunan yana da jam'i, "exclusions".

d) A fagen zamantakewa, "social exclusion" shi ne a mayar da wasu saniyar ware, a hana su aiki da ilimi da faɗa a ji.

e) "Exclusion zone" kuwa yanki ne da aka haramta shiga, kamar kewayen kilomita 30 da aka shata bayan fashewar tashar nukiliya ta Chernobyl a 1986.

2. Exclusiveness da Exclusivity

Duka biyun an samo su ne daga sifa "exclusive". Ɗafa-ƙeyar "ness" ta Ingilishi ce ta asali, ita kuwa "ity" daga Latin ta shigo ta hanyar Faransanci. Sukan yi tarayya a ma'anar keɓantuwa, alal misali halin ƙungiyar attajirai da ba ta karɓar kowa sai ɗan gida. To amma a fagen ciniki da shari'a "exclusivity" ake amfani da ita, kuma tana da fuska biyu. Tana iya zama haƙƙi, wato kamfani ya yi alkawarin ba zai ba wa kowa kaya a wani yanki ba sai dila ɗaya. Tana kuma iya zama takunkumi, wato dila ya yi alkawarin ba zai sayar da kayan kowa ba sai na kamfanin. Kalmar ita kaɗai ba ta faɗin wanda aka ɗaure, sai an karanta jimlar an ga wane ne ya ɗauki alkawarin. Nan ne na yi tuntuɓe a kantin Baba.

3. Exclusive

Yawanci sifa ce, amma 'yan jarida sun mayar da ita suna. Idan suka ce "an exclusive", suna nufin labari ko hirar da jarida ɗaya ce kawai ta samu. Sau da yawa mukan fassara ta da "hira ta musamman", sai dai wannan bai nuna cewa sauran jaridu ba su samu ba. Ni a ganina "hirar da jaridarmu kaɗai ta samu" ta fi kusa, ko da yake ta fi tsawo.

A matsayinta na sifa kuwa, muna da ita a tsarin mulkin Nijeriya na 1999. "Exclusive Legislative List" jerin al'amura ne da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka, kamar tsaro da harkokin waje da buga kuɗi da shige da fice. Lokacin da tsarin mulkin ya fara aiki al'amura 68 ne a jerin, sannan a 2023 aka cire harkar jiragen ƙasa aka mayar da ita jerin da jihohi ma ke da ta cewa. Wanda ya fassara wannan da "jerin wariya" ya ɓatar da mai karatu, domin "jerin al'amuran da suka keɓanta ga Tarayya" ake nufi.

4. Exclusivism da Exclusionist

Ɗafa-ƙeyar "ism" aƙida take nunawa, "ist" kuwa mai riƙo da ita. "Exclusivism" ra'ayi ne na cewa hanya ɗaya ce kawai gaskiya, an fi jin kalmar a nazarin addinai. "Exclusionist" shi ne mai goyon bayan a ware wasu daga wani haƙƙi. A tarihin Ingila an kira wasu 'yan majalisa da wannan suna, waɗanda tsakanin 1679 da 1681 suka nemi a hana James, ƙanen Sarki Charles na Biyu, gadon sarauta saboda shi ɗan Katolika ne. Ba su yi nasara ba, ya hau karaga a 1685.

5. Excluder

Wannan sunan kayan aiki ne. Ɗafa-ƙeyar "er" a nan tana yin aikin da "ma" ke yi a "mabuɗi" da "marufi". Masu kiwon zuma na zamani suna da "queen excluder", wato raga da ake shimfiɗawa cikin amya, wadda ƙananan ƙudan zuma ke iya ratsawa amma sarauniya ba ta iyawa, don kada ta yi ƙwai inda ake tara zuma.

6. Kalmar a Nazarin Harshe

Masana harshe suna amfani da "exclusive" da "inclusive" wajen bayanin wakilin suna. A Fulatanci "min" yana nufin mu ban da kai da ake yi wa magana, "en" kuwa mu har da kai. Hausa da Yarbanci da Ingilishi ba su da wannan bambanci, shi ya sa idan Bahaushe ya ce "za mu ci abinci" baƙo ba ya sanin ko da shi a ciki sai an ce masa bismilla.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata mun ga cewa saiwa ɗaya ta haifi sunayen aiki da hali da haƙƙi da aƙida da mutum da kayan aiki, kuma babu kalmar Hausa guda da za ta ɗauke su duka. Wani wuri "wariya" ce ta dace, wani wuri "kora" ko "togaciya" ko "keɓantuwa". Shawarata ga ɗan uwa ɗalibi ita ce, kafin ya fassara ɗaya daga cikinsu ya dubi ɗafa-ƙeyarta, ya dubi fagen da ta fito, sannan ya tambayi kansa wa aka bari a waje, wa kuma ke ciki.

Na koma wurin Baba na ba shi haƙuri. Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, da ka ce mini bari ka tambayo malaminku, ai da firjina na nan." Har yanzu da ƙanƙara yake sanyaya lemonsa a cikin kula, ni kuwa duk takardar da aka miƙo mini sai na karanta ta daga farko har ƙarshe kafin in buɗe baki.