Amsoshin Tambayoyinku: Labarin Zanen da Aka Karanta a Waya, Ina Amfanin Sayen Littafinsa?

Tambaya: Ni magidanci ne a Kazaure. Ɗana ɗalibi ne a Kwalejin Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu, kuma da ya samu sarari sai karatun labaran zane a waya. Yanzu ya matsa mini in ba shi kuɗi a sayo masa littafin ɗaya daga cikinsu daga Abuja, alhali da bakinsa ya ce ya gama karanta shi a intanet. Wannan ba almubazzaranci ba ne?

Amsa: Allah ya raya mana shi. Ba almubazzaranci ba ne, muddin kuɗin ba na cefane ko na makaranta za a taɓa ba. Ga dalilina.

Yawancin abin da yaranmu ke karantawa a waya salo ne da ya bunƙasa a Koriya ta Kudu, inda kamfanin Naver ya buɗe dandalinsa na Webtoon a 2004. Yanzu ana tsara shi ne don waya. Hotunan a jere suke daga sama zuwa ƙasa, mai karatu yana jan su da babban yatsa, ɗaya bayan ɗaya. Idan mai zane yana son zuciya ta buga, sai ya bar dogon fili ba komai, ka yi ta ja kafin abin ya bayyana. Takarda ba ta da wannan dabarar. Don haka idan za a buga labarin, dole a warware shi a sake jera hotunan a shafi, a ƙara wa wasu girma, a rage wasu, a ajiye abin mamaki a bayan shafi domin kada ido ya riga hannu. Mai karatu ya buɗe littafi, shafuka biyu suna gabansa lokaci guda. Fuskar da ta wuce kamar walƙiya a waya, yanzu yana iya tsayawa ya ga yadda aka ja layin girarta, ya koma baya ya gwada ta da ta shafin farko. Ga yaron da hannunsa ke ƙaiƙayin zane, wannan makaranta ce sukutum.

Masu wannan sana'a sun san haka. Solo Leveling, wanda samari ke yawan ambata, ya fara fitowa da zane a intanet a 2018, aka soma buga shi da Turanci a 2021. One-Punch Man na Japan wani mai zane ne ya fara saka shi a shafinsa a 2009, daga baya aka sake zana shi aka buga. Da cinikin irin waɗannan littattafai ma mai zane yake samun ladan guminsa.

Abu na biyu ya fi damuna. Abin da ke intanet aro ne. OkadaBooks, inda marubutan Hausa da dama suka sayar da littattafansu, ya rufe a ƙarshen Nuwamban 2023. Waya kuma takan faɗa ruwa, a sace ta, ko data ta ƙare labari yana tsakiya. Mutumin Gwiwa ko ƙauyukan Roni da sai ya kai wayarsa wurin mai caji ya biya ya fi kowa sanin wannan. Littafi kuwa ba ya neman caji. Magana Jari Ce tun shekarun 1930 yake yawo daga hannu zuwa hannu, da zanen hotunansa, har jikokin waɗanda suka fara karanta shi.

Sai dai ina da sharuɗɗa, Malam. Kafin ka ba da kuɗin, ka zauna da shi ya nuna maka labarin a wayar. Ba duk abin da aka zana ba ne na yara. Wasu cike suke da zubar da jini, wasu da tsiraici, wasu kuma an gina su a kan gumakan wasu al'ummu. Idan ka duba ka gamsu, ka tambaye shi juzu'i nawa ne labarin, domin da yawansu dogaye ne, kuma daga waje ake shigo da su, farashinsu yana bin dala. Ya zaɓi guda ɗaya da ya fi so. Idan abokansa na ajin su ma masu so ne, kowa ya sayi juzu'i daban su riƙa musanya, kamar yadda iyayensu mata suka yi da littattafan Kano a da. Abin da ba zan goyi baya ba shi ne a sauke labarin a kai shagon kwamfuta a buga a riƙa sayarwa. Haƙƙin mai zane ne ake ci.

Da zai ji shawarata, sai ya leƙa na gida tukuna. Akwai Malika: Warrior Queen na Roye Okupe, wanda ya ɗauko hasken labarinsa daga Sarauniya Amina ta Zazzau, kuma kamfanin Dark Horse na Amurka ya sake buga shi a 2021. Comic Republic na Legas tun 2013 yake saka nasa a intanet. A Arewa ma muna da gwanaye, irin su Mustapha Bulama na jaridar Daily Trust, wanda zanensa kan zagaye Facebook da WhatsApp kafin azahar. Irin wannan aiki ya cancanci a tattara shi a littafi, da Hausa, a same shi a shagunan Sabon Gari a Kano, yadda ɗan Babura ko Kazaure zai shiga mota ya sayo ba sai ya aika Abuja ba. Ka tambayi ɗanka ko shi ma yana zane a ɓoye. Idan yana yi, ka haɗa masa da takardar zane da fensir a cikin kuɗin.